Bashin Dodo: Tatsuniya da Labarin Kisa a Bakin Dajin Rugu

A cikin ƙagaggun labaran Turawa akwai wani reshe da ya daɗe yana cin kasuwa, shi ne labarin mai kisan ɗauki-ɗai-ɗai wanda yake ɗauko fasalin ta'asarsa daga tatsuniya ko daga waƙar yara. Zubinsa kusan ɗaya ne duk inda aka same shi. Za a wayi gari a tsinci gawa an kwantar da ita cikin wani shiri na musamman, ba a taɓa aljihun mamacin ba, ba a kuma san shi da abokin gaba ba. Bayan 'yan kwanaki a sake tsintar wata, ita ma da nata shirin. Sai 'yan sanda su yi ta lalube cikin duhu, har Allah ya kawo wani jami'i mai kaifin basira da zai farga cewa kowace gawa an tsara ta ne a kan wata tatsuniya da ya sha ji tun yana ƙarami. Daga nan tatsuniyar ta zame masa sawun da zai bi: in ya tuna abin da ke biye a cikinta, zai riga makashin isa ƙofar wanda za a kashe na gaba.

Tun a 1929 wani marubucin Amurka mai amfani da sunan S. S. Van Dine ya fitar da The Bishop Murder Case, inda makashi ke bin waƙoƙin yaran Ingilishi yana kisa. A 1939 kuma Agatha Christie ta Ingila ta tara mutum 10 a wani tsibiri, ta riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin wata waƙar ƙidaya ta yara. Amma wanda ya fi dacewa da wannan bayani shi ne Brother Grimm na Craig Russell, mutumin Sikotilan, wanda ya fito a 2006. An gina labarin a birnin Hamburg na Jamus, jami'in binciken sunansa Jan Fabel, shi kuwa makashin yana shirya gawarwaki ne a kan tatsuniyoyin da wasu Jamusawa biyu, wa da ƙane, Jacob da Wilhelm Grimm, suka tattara suka fara bugawa a 1812.

Abin da ya sa dabarar ke kama mai karatu a fili yake. Tatsuniyoyin da ake ɗauka abin lallashin yara ne cike suke da jini. A 1697 Charles Perrault na Faransa ya buga labarin wani attajiri mai shuɗin gemu da ke auren mata yana yanka su, yana jera gawarwakinsu a ɗakin da ya hana amaryarsa buɗewa. Su kansu 'yan gidan Grimm sai da suka yi ta sassauta abin da suka tattara kafin bugu na 7 ya fito a 1857. A bugun farko uwa ce mahaifiya take neman ran 'yarta don ta fi ta kyau. Daga baya suka mayar da ita matar uba, saboda hakan ya fi sauƙin haɗiyuwa. Marubucin labarin kisa yakan koma ne ya tono jinin da aka binne, ya nuna wa baligi cewa abin da kakarsa ta ba shi tsoro da shi yana nan da ransa, ya ma sanya kwat da wando.

Irin waɗannan labarai sun iso ƙasar Hausa ta hanyar finafinai da wayar hannu, kuma babu laifi idan ɗalibin adabi ya ji sha'awar gwada hannunsa. Kayan aiki ba su yi masa ƙaranci ba. Wanda duk ya buɗe Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa da Frank Edgar ya fitar cikin juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913, ko ya duba Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya da aka soma bugawa a farkon shekarun 1970, zai tarar da mayu masu cin 'ya'yan kishiya, da kura mai yaudarar mutum zuwa raminta, da sarakunan da ke sa a fille kai a kan ɗan ƙaramin laifi. Akwai yarinyar nan da ta rantse ba za ta auri kowa ba sai namiji marar tabo, har wani baƙo ya zo santal-santal babu ko ƙwarzane a jikinsa, aka ɗaura aure, sai da suka nausa daji ya soma mayar wa masu shi abin da ya aro, ya koma ainihin halittarsa. Wannan ba ta gaza labarin mai shuɗin gemu ban tsoro ba, ta ma fi shi hikima, domin ta san cewa mutumin da ba shi da tabo mutum ne da ba shi da tarihi, ba wanda ya san gidansu.

Rubutaccen labarin ta'asa shi ma ba baƙo ba ne a Hausa. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan zube na farko a shekarun 1930, labarin ramuwar gayya ne wanda ya kai ɗa ga kashe ubansa ba da saninsa ba. Gasar da Sashen Al'adu na Tarayya ya shirya ta haifar da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982. Na farkon a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, na biyun a kan makamai da ƙwaya da mutanen da Yaƙin Basasa ya koya wa kisa ya sallame su ba aikin yi. Duka biyun Katsinawa ne suka rubuta su. Daga baya marubutan adabin kasuwar Kano da suka sha karatun James Hadley Chase suka shigo da nasu 'yan fashin da nasu jami'an. Ke nan hanya a share take. Abin da zai fara zuwa zuciyar matashin marubuci shi ne ya yi musaya kawai: ya cire kyarkecin Bature ya sa Dodo, ya cire Hamburg ya sa Katsina, ya ba jami'insa hula da carbi.

To, a ƙaddara wannan matashin ɗan Runka ne a ƙasar Safana, ko ɗan Wagini a ƙasar Batsari, yana karatun Hausa a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma, ya zauna zai yi wannan musayar. Da wuya ya cika shafi 10 bai ajiye biro ba, kuma ba ƙarancin basira ne zai sa shi ajiyewa ba.

Ƙananan hukumomin nan biyu suna jingine ne da Dajin Rugu, wanda ya miƙe tun daga wajen Jibiya ya bi ta Batsari da Safana da Ɗanmusa har Ƙanƙara, bayansa kuma Zamfara. Yanki ne da ya san yaƙi tun ba yau ba. A ƙarni na 19 bakin daga ne tsakanin Katsina da Katsinawan Maraɗi, kuma daga nan ne aka san Ɗanwaire, barden Ruma. Har yau Hakimin Batsari sarautar Sarkin Ruma yake riƙe da ita, na Safana kuma Yariman Katsina. Abin da ya faro da satar shanu a farkon shekarun 2010 ya rikiɗe ya zama ƙone ƙauyuka da kama mutane don kuɗin fansa. A watan Mayu na 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yargamji ta ƙasar Batsari, 'yan'uwansu suka ɗauko gawarwakin a mota har cikin birnin Katsina domin mahukunta su gani da idonsu. Ranar 14 ga Fabrairu, 2020, aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, da yawansu mata ne da yara da tsofaffi waɗanda ba su iya gudu ba, wasu ma a cikin ɗakunansu aka ƙone su. Ranar 18 ga Afrilu na shekarar aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-ma. A watan Satumba na 2021 hukuma ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, Batsari da Safana suna ciki, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka.

Labarin Bature ya dogara ne a kan garin da ke zaune lafiya, inda gawa ɗaya tak ta isa ta hana hukuma barci. Akwai likitan da zai duba ta, da ɗakin sanyin da za a ajiye ta, da jami'in da aka sallama masa watanni ya bi sawu. Marubucin da ya ga an jera mutum 18 a bayan mota, an yi musu salla, an rufe su kafin la'asar, yaya zai roƙi mai karatunsa ya tayar da hankali a kan gawa guda mai ɗauke da 'yar takarda a hannu? Bugu da ƙari, ƙashin bayan wancan labari shi ne ba a san makashin ba. A bakin Rugu kuwa an san su. An san sunayen manyansu da laƙabinsu, an san dabar kowa da iyakar ƙasar da yake iko da ita, akwai masu lambar wayarsu, har mawaƙa sun yi wa wasunsu waƙa. Suna zuwa ne su da yawa, bibbiyu ko uku-uku a kan babur, wani lokaci da rana tsaka. Tambayar nan ta “wa ya yi?”, wadda ita ce ke jan mai karatun Bature har shafin ƙarshe, yaro ɗan shekara 10 zai amsa ta a ƙauyen. Daɗin daɗawa, makashin littafin Bature ba ya son kuɗi, wata cuta ce a ransa yake biya wa bukata, shi ya sa yake da sararin yin ado da gawa. A nan kuwa komai da farashinsa: na magidanci daban, na matar aure daban, a haɗa da babur sabo da katin waya da buhun shinkafa.

A daidai nan ne ya kamata matashin ya koma ya sake sauraron tatsuniyar, ba don ya ari ƙahon Dodo da jelarsa ba, sai don ya ga yadda Bahaushe ya fahimci halinsa. Kalmar kanta tana da abin lura. Ana cewa dodon koɗi, ana cewa dodon kunne, kuma duka biyun abu ne da ke can cikin kogo, an san yana nan ko da ba a gan shi ba. Dodon tatsuniya ma haka yake: yana da mazauni sananne, a kogi ko a kurmi ko a gindin kuka, mutanen gari sun san wurin, sun kuma san ba makawa sai sun bi ta nan, domin a nan ruwa yake, a nan itace yake. Ba ya farautar mutane a ɓoye don jin daɗi. Mafi yawan lokaci ciniki yake yi.

Akwai tatsuniyar da ta fito da wannan hali ƙarara, wadda ake samu da 'yan bambance-bambance daga baki zuwa baki. Kishiyoyi biyu ne suka tafi rafi ɗiban ruwa, ɗaya tana da tsohon ciki. Da mai cikin ta juya baya sai abokiyar zamanta ta ɗura mata ƙasa a tulu, ta ɗauki nata ta yi gaba. Mai ciki ta yi ta fama, tulu ya ƙi ɗaguwa, ga rana tana faɗuwa, ba kowa a rafin. Sai Dodo ya fito. Bai cinye ta ba. Cewa ya yi zai ɗora mata, amma da sharaɗi: abin da ke cikinta, in namiji ne abokinsa ne, in mace ce matarsa ce. Ta amsa, ya ɗora mata, ta koma gida. Ta haifi 'ya mace, shekaru suka shuɗe, maganar ta shafe a ranta. A wasu ruwayoyin kishiyar ce ma ta koma rafi ta tsegunta wa Dodo cewa an sauka. Ranar bikin yarinyar, gida cike da 'yan'uwa, sai ga shi a ƙofa yana neman bashinsa. Uban ya ba shi doki ya haɗiye, ya ba shi shanu ya haɗiye, aka tura masa tuwon biki duka ya lashe, ya ce bai ƙoshi ba. Ya haɗiye 'yan biki, ya haɗiye uban da uwar, saura amarya ita kaɗai. Ta ɗaga kai ta roƙi Allah, wuƙa ta faɗo daga sama, Dodo ya haɗiye ta ita ma, ta tsarge cikinsa, kowa ya fito da ransa, aka ci gaba da biki.

Abin tsoron da ke cikin wannan tatsuniya ba girman bakin Dodo ba ne. Sa'ar nan ce ta bakin rafi, lokacin da mace ita kaɗai, da nauyi biyu a kanta, ta sayi daren yau da ranar da ba ta zo ba tukuna. Babu mai hankalin da zai zarge ta. Da ta ƙi, da ita da cikin ba wanda zai kwana. Amma kuma tatsuniyar ba ta ɓoye cewa bashin yana girma tare da yarinyar ba, ba ta kuma ɓoye cewa duk abin da aka miƙa don a fanshi kai ƙara buɗe cikin mai karɓa yake yi ba. Ko a tarihihin Bayajida haka abin yake: macijin rijiyar Kusugu bai hana mutanen Daura ruwa ɗungurungum ba, ya ware musu ranar Juma'a, suka zauna a kan wannan ƙa'ida har baƙo ya zo. Mutumin ƙauyukan Batsari da Safana ba ya bukatar malamin adabi ya warware masa wannan jigo. Ya ga garuruwan da aka yanka wa kuɗi kafin a bar su su yi shuka, aka sake yanka musu wani kafin girbi. Ya ga magidancin da ya sayar da gonar gado ya fanso iyalinsa, bayan wata 6 aka dawo aka ɗauki ƙanensa, tunda an gane gidan yana iya biya. Ya ga hukuma ma a bakin rafin: a farkon 2017 an yi bikin ajiye makamai a Ƙanƙara, a watan Satumba na 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya bi dazuzzuka da kansa yana zaman sulhu, a tsakiyar 2020 ya fito ya ce an ci amanarsa, a 2023 gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, a 2025 kuma al'ummomin ƙananan hukumomi da dama, har da Batsari da Safana, suka sake zama da mutanen daji. Mai zaune a birni yana iya yanke hukunci a kan irin wannan zama cikin jimla guda. Wanda tulunsa ke ƙasa rana tana faɗuwa, lissafinsa daban ne, kuma ƙagaggen labari shi ne wurin da ya fi dacewa a bi wannan lissafi daki-daki ba tare da an yi wa kowa wa'azi ba.

Saura tambayar da za ta ja mai karatu, tunda labarin bincike ba ya tsayuwa sai da abin da ake nema. Ita ma tana cikin tatsuniyar, a hannun kishiyar da ta koma rafi. Tana kuma hannun wata tauraruwa da ke yawan fitowa ba a cika kula ta ba, wato tsohuwar nan mai shiga gida ɗiban wuta. Takan shiga da 'yar sakainarta, idonta ya faɗa a kan kyakkyawar yarinya ko ƙosasshen sa da aka ɓoye, ta fita ta kashe wutar ta dawo wai ta mutu a hanya, don dai ta ƙara kallo, daga nan sai fada, ta tambayi sarki kunnensa nawa. Ba ta taɓa riƙe wuƙa ba, amma duk abin da ya biyo baya daga bakinta ya fito. A yau sunanta infoma. Bahaushe ya ce da ɗan gari akan ci gari, kuma a ƙauyen da aka shiga da dare aka wuce gida 20 aka tsaya a ƙofar wanda ya sayar da shanu jiya, kowa ya san akwai wanda ya nuna. Wannan shi ne sirrin da ya rage a bakin Rugu, ya kuma fi na Hamburg ɗaci, domin wanda ake nema yana sahu ɗaya da kai a masallaci, wataƙila shi ya fara zuwa jaje da safe. Mai sayar da burodi ne, ko ɗan acaɓa, ko mai cajin waya, ko matar da ke kai tallan fura rugage? Ko kuwa ba ɗaya daga cikinsu, tsohuwar gabar gona ce ta sa aka ɗora wa wani? Zargin infoma ya ci rayukan mutane ba tare da an kai su gaban alƙali ba, kuma ba duka ne aka tabbatar da laifinsu ba. Jami'in binciken da ya dace da irin wannan labari ba lalle ne ya zama mai kaki ba. Zai iya zama malamin firamare, ko ungozoma mai shiga kowane gida, ko ɗan mai unguwa, wanda ya san cewa in ya ambaci suna ya yi kuskure, kafin magariba an kashe marar laifi da bakinsa.

Akwai wani tarko da ya wajaba a faɗakar da matashin a kansa, kuma shi ne mafi haɗari a cikin aron da zai yi. Dodo ba shi da uwa, ba shi da ƙuruciya, ba a tambayar abin da ya mai da shi Dodo. Haka aka halicce shi, maganinsa kawai a farke cikinsa. Ranar da marubuci ya laƙaba wa ɗan Adam wannan suna, ya yafe wa kansa wahalar fahimtarsa, ya kuma ba mai karatu izinin ya ɗauki duk wanda ya yi kama da shi a matsayin abin kashewa. A yankin da ake magana wannan ba batun salo ba ne kawai. Fulani makiyaya suna cikin waɗanda aka fara kwashe wa shanu, kuma an sha tare mutum a kasuwa ko a hanya a kashe shi don kamanninsa da harshensa, danginsa kuma su huce a kan ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Mai nazarin harshe zai lura da cewa mutanen ƙauyukan kansu sun fi kafofin watsa labarai taka-tsantsan wajen zaɓen kalma. Rediyo yakan ce 'yan bindiga ko 'yan ta'adda. Su kuwa galibi ɓarayi suke cewa, ko mutanen daji, kalmomin da ba su fitar da mai laifin daga cikin 'yan Adam ba. Bature Gagare ya gane wannan tun a 1982, shi ya sa bai jefo Mailoma daga sama ba, sai da ya nuna ƙauyen da ya fito da hanyar da ta kai shi inda ya kai. Yaro ɗan shekara 15 da ke rataye da bindiga a bayan babur yana da uwa, akwai kuma shekarar da ya kamata a ce yana aji 3 na firamare. Littafin da ya kasa faɗin inda yake a wannan shekarar bai gama aikinsa ba.

Wani abin kuma da ya bambanta gadon Bahaushe da na Craig Russell shi ne aikin da labari yake yi a gaban mai kisa. A can tatsuniya ce ke ba makashi fasali. A littattafan da Bahaushe ya tashi da su kuwa labari riƙe hannu yake yi. Sarki Shahrayar na Dare Dubu da Ɗaya, wanda ke auren budurwa da dare ya sa a kashe ta da safe, ya cika duk sharuɗɗan mai kisan ɗauki-ɗai-ɗai, abin da ya tsayar da shi kuwa labarin da Shahrazad ke yankewa a tsakiya ne idan asuba ta yi. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Katsina, ya bi wannan tsari a littafi na 1 na Magana Jari Ce a 1937, inda aku ke tsare Musa ɗan sarki da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Ita ma tatsuniyar kaka aikinta ke nan: ta tara yara wuri ɗaya bayan isha, ta ba su tsoro daidai yadda za su iya ɗauka, ta nuna musu kada a bi baƙo, kada a yi nisa da gida, sannan ta kwance abin da ta ɗaura da “ƙurunƙus kan kusu”, kamar yadda Bakatsine ke faɗa inda Bakano zai ce ɓera. Don haka ne ma aka hana yin ta da rana, aka ce mai yi zai ɓata. Daren ne mahallinta. A shekarun da abin ya yi tsanani, wannan daren shi aka ƙwace. Akwai ƙauyukan da in magariba ta yi mata da yara sukan kama hanyar gari ko su kwana a cikin dawa, akwai iyalan da suka share watanni a azuzuwan makarantun firamare na cikin garin Batsari. A irin wannan kwana ba a son ko tarin yaro, balle a ce “ga ta nan ga ta nanku” a jira amsa. In jika ya matsa ya ce, “Iya, a yi mana ta Dodo,” abin da zai ji bai wuce, “Yi shiru, maigidana, ba yau ba.” Yaran da aka haifa a 2012 ko 2013 a waɗannan wurare sun san ƙarar babur daga nesa, sun san bambancin harbin soja da na ɓarayi, amma da yawansu ba su san yadda Gizo ya yi da Ƙoƙi ba. Marubucin da zai gina labarinsa a kan tatsuniya sai ya tuna cewa wani sashe na masu karatunsa a cikin littafin nasa za su fara jin ta.

Wurin da zai fi shan wuya shi ne rufewa. Labarin Bature yakan ƙare da ankwa a hannun mutum ɗaya, gari ya koma yadda yake. Tatsuniya takan ƙare da wuƙa daga sama, uwa da uba da 'yan biki da doki su fito daga cikin Dodo ba ko ƙwarzane. Mutanen Tsauwa ba su fito ba. Wanda aka fanso kuwa yakan dawo ne da ƙafafu a kumbure saboda mari, matar da ta yi wata 4 a daji ta dawo gidan da ba a san yadda za a tambaye ta ba, ita ma ba ta san yadda za ta faɗa ba. In marubucin ya kai labarinsa shekarar 2025, babin ƙarshe zai iya kasancewa a gindin wata bishiya a bakin daji, an shimfiɗa tabarmi, ga hakimai da limamai da shugabannin ƙaramar hukuma a gefe guda, ga matasa rataye da bindigogi a ɗaya gefen, ana karanta sharuɗɗa: a bar manomi ya je gona, a bar makiyayi ya shiga kasuwa da asibiti, a sako waɗanda ke hannu. Malamin firamaren da ya share littafin yana bin sawu yana zaune a cikin taron. Ya riga ya gano wanda ya nuna gidan yayansa, yana kuma ganinsa a tsaye can bayan masu raba ruwa, ga wanda ya yi harbin a zaune a gabansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi taku 5 ba. Liman ya ɗaga hannu za a shafa fatiha, damina kuma saura mako 3.